Injin da Baba Direba Ya Zaɓa

Baba Direba kowa ke kiransa a layinsu, har matarsa idan tana so ta tsokane shi. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a kan babbar mota suka ƙare, yana jigilar siminti da rodi daga gari zuwa gari. Mutum ne mai son tauna. In ya gama da kaza, ko magen gidan ba ta samun abin lasa.

Bayan ya ajiye tuƙi sai wani ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Aka yi masa aiki, aka dace, amma muryarsa ta koma raɗa, haɗiya kuma ta zama aiki. Likita ta ce daga yanzu sai abinci mai laushi, wanda zai zame kamar ruwa, ba gudaji, ba zare.

"Har zuwa yaushe, likita?" in ji matarsa.

"Mu dai fara tukuna, Mama."

Suka fara. Matar ta riƙa dafa karas da dankali har su yi luguf, ta dama da ludayi, ta tace da rariya, har wuyan hannunta ya kumbura. Shi kuwa yakan yini a kujera kusa da taga, hasken rana na lallaɓa gwiwarsa. Gyangyaɗi na ɗaukarsa sai ya gan shi a kan wata doguwar hanya mai bishiyoyi dama da hagu, ya tsaya a wata rumfa, an ajiye masa faranti yana tururi. Da ya kai hannu sai farantin ya yi nisa, ya farka bakinsa na motsi.

Wata rana zaren alayyafo ya tsere wa rariya ya maƙale masa. Ya yi ta tari har hawaye. Babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a firamare, ta tsaya a kansa da kofin ruwa.

"Gobe za a sayo bilenda, injin markaɗe, Baba. Kuma da kai za a je, ka sha iska."

Shagon yana wani siririn titi na masu kayan lantarki, fankoki na juyawa a ƙofa suna kaɗa ledojin da aka rufe su da su. A ciki bilendoji ne jere a kan kanta har kusa da rufi, farare da jajaye da masu launin azurfa. Mai shagon, wani mai tabarau da fara'a, ya jawo wa Baba kujera.

'Yar ta nuna wata doguwa mai maɓallai rututu. "Wannan fa? An ce har ƙanƙara tana niƙawa."

"Ke, ƙanƙara aka ce ubanki ya sha?" in ji uwar. "Ni a ba ni wadda zan iya wankewa ba tare da na yanke yatsa ba. Kuma mai gilashi, don miya da zafinta zan zuba. Roba riƙe wari take yi."

Mai shago ya sauko da wasu. Ya kwance gindin ɗaya ya nuna musu yadda wuƙar ke fita a wanke ta, da murfi mai 'yar kafa a sama don tururi ya samu hanya. Uwa da 'ya suka shiga musu a kan girman jug ɗin da ake zuba miyar.

Baba ya ɗaga hannu, ya yi raɗa. Sai da mai shago ya sunkuyo sannan ya ji.

"A tayar min da su."

Aka zuba ruwa, aka jona ta farko. Ta yi wani ihu kamar an taka wutsiyar kare, Baba ya girgiza kai. Ta biyu ta riƙa tsalle a kan kanta tana neman faɗowa. Ta uku gajera ce mai nauyi, ba ta da ado, abin murɗawa ɗaya kawai gare ta. Da aka kunna sai ta yi gurnani a ƙasa-ƙasa. Baba ya ɗora tafinsa a jikinta, ya lumshe ido.

Shagon ya ɓace masa. Ga shi da sassafe a gindin wani hawa, kaya cike da mota, raɓa a gilashi, injin na kaɗawa a ƙarƙashin tafinsa. Ya murɗa kaɗan, ta ɗauka ba gardama. Ya ƙara, hanya ta buɗe, gonaki na wucewa kore shar, wata mace da tulu a kai ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwana. Ya daɗe bai ji jikinsa ya yi sakayau haka ba.

"Baban yara," matarsa ta taɓa kafaɗarsa, "ka taka birki mana, ruwan mutane zai zube."

Ya buɗe ido yana murmushi. "Wannan ba ta jin tsoron kaya," ya ce cikin raɗa. Da ita suka koma gida, a kan cinyarsa cikin tasi.

Miyar farko ta kabewa ce da romon kaza. Ta fito sumul, launin rana mai faɗuwa. Ya kai cokali baki a tsorace, ta wuce bai ma ji wucewarta ba. Ya shanye kwanon, ya miƙa a ƙara. Matarsa ta juya baya wai tana neman gishiri, ta goge ido da gefen mayafi.

Daga nan kicin ya yi sabon ma'aikaci. Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye tukunya ba ya koyi yanka albasa, ya gane cewa dankali ke sa miya kauri, kifi kuma sai an bi shi da yatsa an cire ƙaya kafin a markaɗa. Wata rana ya haɗa gwanda da wake, ba wanda ya iya sha, har shi. Tauna dai ba ta dawo ba, wani lokaci idan ƙamshin suya ya shigo daga maƙwabta bakinsa yakan kama motsi. Amma kumatunsa sun ciko, bel ɗinsa ya daina zamewa.

Tsohon telan da ke ƙarshen layi, wanda haƙoransa suka ƙare, ya ji labari. Yanzu kullum da rana yana zuwa da kofinsa, su zauna a baranda suna kurɓa, tela na zuba surutu, direba na gyaɗa kai. Jiya ma tela ya ce miyar ta yi ruwa, suka rabu ba sallama. Yau da safe ya aiko da kabewa guda.