Jaki Ba Ya Jiran Mai Tsintar Gero

Kakata, Inna Laure, ƙosai da doya take soyawa a ƙofar wata masaƙa a Bompai, saboda ma'aikatan da ke karɓar aikin yamma. Mu jikokinta daga Dakata muke rako ta. Idan an idar da magariba sai mu kewaye murhu, ita kuma tana tsame ƙosai tana yi mana tatsuniya.

Wurin dai ba wurin tatsuniya ba ne. Ga gurnanin janareta, ga tireloli, ga jiniyar canjin aiki da ke tashi ba sallama. Inna kuma dokarta ɗaya ce, ba ta maimaici. "Ku kasa kunne," take cewa, "ga ta nan tafe, kuma ba ta san hanyar dawowa ba."

Wata rana ta ɗauko labarin wani manomi da ya ɗora wa jakinsa buhun gero zai kai gida, iyalinsa na jira da yunwa. Ashe buhun ya ɗan huje, gero yana zuba kaɗan-kaɗan. Sun iso bakin rafi ke nan jiniya ta ɓarke. Ina ganin bakin Inna yana motsi, ba na jin komai.

"Inna, me ya faru a bakin rafin?"

"Jiniya ta ci rabonta. Bi jakin, Sagiru."

Ni kuwa tun ina yaro akwai ni da kafiya. Na juya baya ina cika ina batsewa, ina ta saƙa abin da ya faru a rafin, har aka rufe tatsuniya ban sani ba. A hanyar gida yayata Hafsatu ta faɗa mini ƙarshenta tana dariya, ban da na bakin rafin da ita ma ba ta ji ba. Wai manomin ya durƙusa tsintar ƙwayar da ta zube, ɗaya bayan ɗaya, da ya ɗago kai jaki ya shige daji da buhun gaba ɗaya. Na ji haushin Inna ƙwarai a ranar.

Na girma na zama mai gyaran injina a wani kamfanin roba a Challawa. Aka ce za a tura mutum ɗaya ƙasar waje ya koyo aikin sababbin injina, aka zaɓe ni, amma da sharaɗin sai na ci jarrabawar Turanci. Karatu da rubutu ban da matsala. Sauraro ne ya kayar da ni, don sau ɗaya tak ake kunna muryar. Ni kuwa da nake shiri a gida, duk jimlar da ta wuce ni sai na mayar da ita baya. Manaja ya ce mini, "Malam Sagir, wannan zaman ne na ƙarshe. In bai yiwu ba, wani za mu ba."

Sai na daina mayarwa baya. Lokacin hutu nakan kunna rediyon Turanci a gefen injin, abin da ya wuce ya wuce. Da wuya, wallahi, don hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Ranar jarrabawa na sa iyafis a kunne, aka kunna muryar. Wata Baturiya tana bayani da sauri kamar ana korarta, ina biye da ita. Can sai na kusa da ni ya sarƙe da tari. Kafin ya lafa, amsa ɗaya ta wuce ni. Na tsaya ina laluben abin da ta ce, ita kuwa ba ta tsaya ba, tana shirin shiga tambaya ta gaba. Tafiyar da na ci buri a kanta na ga tana sulluɓewa. A nan na ji muryar Inna, har da ƙamshin man ƙosai: bi jakin, Sagiru.

Na bar gurbin amsar nan fayau, na ci gaba.

Da sakamako ya fito na haye, ko da yake ba da rata mai yawa ba. Inna ta riga mu gidan gaskiya tun kafin nan, Allah ya jiƙanta, ban samu na ba ta haƙurin fushin da na yi ba. Har yau ban san abin da Baturiyar nan ta faɗa ba, ban kuma san abin da ya faru a bakin rafi ba. Amma buhuna ya isa gida.