Hannun da Nura Ya Miƙa wa Hajiya

Har gobe ban manta da safiyar da Nura ya zo neman gurbin sanin makamar aiki a ofishinmu ba. Lokacin ina jami'in kula da ma'aikata a wani kamfanin zanen gine-gine a Nassarawa GRA. Mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, Shari'a kuma tana sabuwa fil a Kano. Ga wanda bai sani ba, ɗalibin jami'a yakan fita ya yi 'yan watanni a wurin aiki kafin ya gama karatu. Mu mutum ɗaya muke ɗauka, in ya yi abin kirki kujera na jiransa bayan digiri. Mai kamfanin, Hajiya Binta, ita ke tantancewa da kanta, ni ina gefe.

Nura ɗan Gama ne, ya sha kwat da laktaye cikin zafin nan na Kano, gumi har ƙeya. A ɗakin jira ya gaya mini an yi musu bita a makaranta: in ka shiga ganawa, ka miƙa hannu ka riƙe gam, ka kalli mutum cikin ido. Ashe yaron ya haddace abin kamar karatun allo.

Muna shiga ya yi sallama, ya nufi teburin Hajiya kai tsaye, ya miƙa mata hannu, ya kafa mata ido ƙur. Hajiya fa ta yi jika da shi, kuma ko Alhazan da ke ba mu kwangila ba sa ba ta hannu. Ta dubi hannun, ta dubi yaron, ba ta motsa ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na ce a raina gurbi ya tafi.

Sai ya janye hannun a hankali ya ɗora a ƙirji, ya rusuna.

"Hajiya, ki gafarce ni. Karatun makaranta ne ya riga tarbiyyar gida fitowa. Da mahaifiyata na nan da na sha ranƙwashi. Ina kwana?"

Hajiya ta yi dariya har ta cire tabarau.

"Lafiya lau, ɗana. Zauna, kuma ka sassauta igiyar nan kafin ta shaƙe ka."

Bayan ya fita na ce, "Ranki ya daɗe, akwai waɗanda suka fi shi maki."

Ta ce, "Malam Sani, kowa na yin kuskure a gaban mai ba da aiki. Wanda zai gyara nan take, ba musu, ba kame-kame, shi nake nema. Kira shi."

Ba a yi wata biyu ba wasu baƙi suka zo daga Legas, Nura ya tarbe su da musabaha gam, ya juyo wurin Hajiya da hannu a ƙirji. Ta kalle ni ta yi murmushi.

Shi ya sa nake gaya muku, ku ƙanana, abin da aka koya muku a bita ba ƙarya ba ne, amma kowa da irin gaisuwarsa, sai ka duba wanda ke gabanka. In kuma ka yi tuntuɓe, ka amsa da bakinka. Yau Nura ne a kujerar da na bari, kuma in ɗalibi ya zo neman gurbi, shi ke fara ba shi labarin hannun nan.