Inci Goma Sha Biyar a Bangon Inna

Shekararsa ashirin da biyu yana shafa wa gidajen mutane fenti, kuma babu wanda ya taɓa jin ya yi musu da kowa. Mai gida ya ce yana son falonsa kore shar, ya ce to. Matar gida ta dawo ta ce wa zai zauna cikin wannan abu, a mayar mata da fari, ya ce to, ya sake hawa tsani. Shi ya sa 'yan'uwansa suke kiransa Malam To, abokan aiki kuwa Mai Fenti kawai. Siriri ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗara ta hagu saboda ɗaga rola, kuma ko wanka uku ya yi sai ka ga fari-fari a gefen farcensa. Mutane na yabonsa da haƙuri. Haƙuri ne ko rashin baki, matarsa ce ta sani.

A gidan uwarsu, Inna, akwai wani bango a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki. Kowace shekara, Asabar ɗin farko ta dogon hutun makaranta, 'ya'yanta shida sukan kwaso iyalansu su cika gidan. A dafa shinkafa da kaji, a ci a ɓata wuri, sannan a jera jikoki a bangon nan ɗaya bayan ɗaya. Inna ta kifa wa yaro murfin tukunya a ka, Yaya, babbar 'yarta malamar makaranta, ta ja zane da fensir ta rubuta suna da shekara.

"Sauke diddigenka, ja'iri, ina kallonka!" in ji Inna. "Ke kuma wannan tulin gashin ba tsawo ba ne, danne mata shi."

Wanda ya fi kowa ƙaruwa shi ke cin cinyar kaza. Marigayi mijinta ne ya faro abin, don haka ko ƙuda ya sauka a bangon sai Inna ta kore shi.

Mako guda kafin taron, Mai Fenti yakan zo ya shafe gidan tas, ya bar wannan bango kaɗai. Ya san kowane zane a kansa kamar tafin hannunsa. Jikoki ashirin da uku, babu nasa ko ɗaya.

Matarsa mai kitso ce, tana da ɗan shago a bakin titi. Shekara tara da aure, Inna ba ta daina kiranta Amarya ba, don babu ɗan da za a kira ta da sunansa. Ɓari uku ta yi. Duk ranar taro, da an ɗauko murfin tukunya sai ta tattara kwanuka ta nufi wurin wanke-wanke, ta buɗe famfo da ƙarfi har a gama. Dangi kuwa su yi ta yabonta, wai ba ta da son jiki. Mutane in sun ga dama ba sa ganin komai.

Ciki na huɗu ya zauna. Yana wata shida ƙafafunta suka kumbura har ta koma saka silifas ɗin mijinta, zoben hannunta ma sai yanke shi aka yi. Likita ya ce jininta ya hau sosai, ta rufe shago, ta kwanta ta gefen hagu, ban da tafiya mai nisa. Ta rufe, ta kwanta. Cikin na wata bakwai hutu ya zo.

"Inna, likita ya ce ta kwanta," in ji Mai Fenti, yana wanke burushi.

"Ta zo ta kwanta a nan. Gidana babu gado ne? Shekara tara yarinyar nan tana raɓe-raɓe a wurin wanke-wanke, bana da za ta shigo da kanta a sama sai ka ɓoye min ita? Ka kawo ta kowa ya gani."

"To."

Ba mugunta ba ce ta sa Inna faɗin haka, murna ce. Amma murnar da ba ta jin magana ita ma tana ɓarna. Awa ɗaya da rabi suka yi a motar haya, hanya duk ramuka. Suna sauka ta ce kanta kamar zai tsage, tana ganin tartsatsi a idonta. Aka ba ta ruwan sanyi da matashi. Ana cikin awon yara ta tashi za ta banɗaki, ta yanke jiki ta faɗi a lungun, tana jijjiga, yara suna ihu.

A asibiti aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji, bakwaini, aka sa shi a kwalba. Kafin a bar Mai Fenti ya zura hannu ta ƙofar kwalbar, sai da nas ta sa ya goge farcensa da burushi har fata ta saluɓe. Yaron bai fi tafin hannu biyu ba, amma ga shuri. Ko yaushe ƙafar nan tana harbin iska, har nas-nas suka sa masa Ɗan Ƙwallo. Kwanansa goma sha ɗaya. A na sha ɗayan, da hantsi, uban ya sauka ƙasa ciko filas da ruwan zafi, kafin ya hawo yaron ya cika, an zare wayoyin da aka jona masa.

Likita ya zaunar da shi ya faɗa masa abu biyu. Na farko, ko a gida take kwance jijjigar tana iya zuwa. Wannan bai shiga kunnensa ba, har yau. Na biyu, wani cikin zai iya tafiya da ranta. Wannan ya shiga. Suka fito da filas, da bargo, da ɗan katin da aka rubuta nauyin yaron da tsawonsa.

Sai dangi suka tashi yin alheri irin nasu. Yaya ta bi kowa a waya ta kafa doka: kada wanda ya kuskura ya ambaci yaron a gabanta. Kafin a sallamo ta daga asibiti sun shiga ɗakinta sun kwashe 'yan riguna da tawul da bahon wanka, sun rabar. Masu zuwa dubiya su zauna a bakin gado su ce, "Ya jiki? Ya ƙarfin jiki?" su koma zancen tsadar tumatir.

"Zazzaɓi na yi ne?" ta ce wa mijinta bayan sun fita. "Ɗa na haifa. Kwana goma sha ɗaya ina tatsar nono a kofi. Ko mutum ɗaya ya tambaye ni da wa yake kama!"

Ya ɗauki tsintsiya ya share ɗakin da ba shi da datti.

Shekara ta zagayo. Ta koma shagonta, tana kitse kan 'ya'yan mutane. Saura kwana tara taro, yana shan shayin safe, ta ajiye katin nan kusa da kofinsa.

"Bana ba zan taka gidan ba sai an zana shi a bango. Jikanta ne shi ma."

"To."

"Kada ka ce min to! To ɗinka ce ta sa ni a motar nan. Ka ce za ka yi ko ba za ka yi ba. In ba za ka yi ba, ni da gidan Inna har abada, ka riƙa zuwa kai kaɗai kana shafa wa 'ya'yan wasu wuri."

Shayin bai ƙara shiga ba. Ya sa katin a aljihun rigar aiki ya fita.

Sai da ya yi kwana biyu yana fenti kafin ya iya buɗe baki, shi ma yana kan tsani, ya ba Inna baya. Tana zaune a kujera tana tsince shinkafa.

"Inna, dama Amarya ce take son a sa yaron nan a bango."

"Wane yaro?"

"Namu."

Hannunta ya tsaya a cikin tire. "Bangon na masu tsayuwa ne. Ko jariri mai rai ba a zana shi sai ya miƙe da ƙafarsa, ka sani. Ubanku haka ya bar shi."

"Amma Inna..."

"Ni ma biyu na binne kafin a haife ka. Ka taɓa jin na ambace su?"

Bai taɓa ji ba. Shekararsa arba'in da ɗaya, ranar ya fara ji. Ya juyo zai tambaya, ta riga ta ɗauki tirenta ta shige kicin.

Ya kira Yaya, ko za ta sa baki. Yaya kuwa ta saba magana da aji guda, ba a katse ta.

"Malam To, kana da hankali kuwa? Ka tsorata yara, ka fama wa baiwar Allah ciwo? Mu da muke ta lallaɓawa ta manta?"

"Ita ta nema, Yaya."

"Ba ta san abin da take so ba. Kai ne namiji, ka rarrashe ta. In an jima za ta gode mana."

Kowa ya san abin da matar nan take so, ban da ita. Haka ya koma gida kwana uku a jere, tana kallonsa daga bakin ƙofa, yana sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta daina ajiye masa ruwan wanka, shi ke nan.

Ranar Juma'a da la'asar ya gama shafe na ƙarshe. Ya naɗe ledar da yake shimfiɗawa a ƙasa, ya ɗaure tsani, ya rage kawai ya yi sallama. Inna tana ɗaki. Ya tsaya a lungun ya daɗe, sannan ya durƙusa ya ciro tef ɗin awo. Katin ya ce santimita talatin da takwas. Ya juya tef ɗin ta gefen da ya saba aiki da shi, inci goma sha biyar, ko gwiwarsa bai kai ba. Zanen da ya fi kowane ƙasa a bangon ya ninka haka. Bai nemi fensirin Yaya ba. Ya buɗe ɗan gwangwanin baƙin fentin mai da yake shafa wa ƙarfen taga, ya tsoma ƙaramin burushi, ya ja zane miƙaƙƙe, ya rubuta suna da shekara a gefe.

"Me nake gani haka?"

Inna ce a kansa. Ba ta jira amsa ba, ta ɗauko soso da sabulu ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo tana dirza. Fentin mai ba ya jin sabulu. Gefen zanen ya ɗan dame, ya ɓata mata yatsu, amma yana nan.

"Ɗauko kananzir ka goge min shi yanzun nan."

Ya miƙe. Ya sa hannu a aljihu. "Kananzir zai fitar da shi, Inna. Amma akwai sauran rabin bokitin fari, rola kuma ba ta bushe ba. In nasa ya fita, shafe bangon gaba ɗaya minti goma ne."

"Ni kake gaya wa haka? A gidana?"

Bai motsa ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Ta dafa bango ta tashi, ya miƙa hannu zai taimake ta ta ture.

"Kwashe tarkacenka ka fita."

Washegari suka zo tare da matarsa. Gida ya cika, ana ta hayaniya, Inna ta amsa gaisuwarsu tana kallon wani wuri. Matar ba ta zauna ba, ta wuce lungun kai tsaye. An jingina ƙaton kwandon wanki a daidai wurin, cike da zannuwan gado. Ta ɗauke shi ta kai ƙofar banɗaki ta dire. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo, ta auna zanen da hannunta daga ƙasa, taƙi biyu ba kaɗan. Sannan ta jawo 'yar kujera ta zauna a gefensa. Kwanuka suka taru a wurin wanke-wanke, ba ta ko leƙa ba.

Aka jera yara. Wata jika mai shekara shida, tana jiran layi ya zo kanta, ta nuna da ƙafa.

"Wannan ɗan mitsitsin wane ne?"

"Ke, rufe min baki!" in ji Yaya.

"Ƙaninki ne," in ji matar Mai Fenti, da muryar da har na kicin suka ji. "Ɗana. Da babansa yake kama, har kunnuwan."

Surukai suka hau gyaran ɗankwali, maza suka ciro waya. Mai Fenti yana tsaye a bakin ƙofa yana jira ko Inna za ta sauke ido ƙasa sau ɗaya. Ba ta sauke ba. Ta kifa murfin tukunya a kan yarinyar ta ce wa Yaya, "Ja zane, rana na yi."

Da yamma suka yi sallama, Inna ta ce a gaida gida, ba ta rako su ba. Sun kai bakin ƙofa ya tuna ya bar hularsa a falo, ya koma. Yana wucewa ta lungun ya ga kwandon wanki ya koma inda yake da safe.

Ya fito ya same ta a bakin titi tana tsayar da mota.

"Ta mayar da kwandon," ya ce.

"Ta goge?"

"Ba ta goge ba."

"To ka bar ta da kwandonta, ba shi da nauyi," ta ce. "Shiga, kada a cike wurin."