Ƙusar Goggo Verlie

Goggo Verlie, yayar babana, ta yi shekara talatin tana ɗinka safa a masana'anta, ta binne mazajenta biyu, kuma duk tsawon nan ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce asma ce. Ita ta ce ƙusa ce.

A kwarin da aka haife ta, cikin duwatsun Smoky, in yaro yana fama da numfashi sai a huda katakon bakin ƙofa daidai tsayinsa, a cusa gashinsa, a toshe da ƙusar icce. Ran da ya tsaya a wurin, kansa ya wuce ƙusar, ciwo ya tafi. An yi wa Goggo haka, amma tana da shekara bakwai aka mayar da kwarin gandun daji na ƙasa, kowa ya kwashe kayansa. Ba ta sake tsayawa a ƙofar ba.

Bara, tana da tamanin da takwas, ta ji an gyara gidansu don 'yan yawon buɗe ido. Ranar babu wanda ya huta. Ta gasa burodin masara, ta sa hular coci, ta hana ni shan kofi.

"Lurleen, taka mota mana! Gawa kika ɗauko?"

"Goggo, gidan ba gudu zai yi ba."

"Ni ce zan gudu, sakarya!"

Da muka isa na tura ta a keken guragu, don shekara biyu ke nan ƙafafunta sun ƙi ta. Ma'aikaciyar gandun tana yi wa baƙi bayani, Goggo ta katse ta: "Matsa, 'yata, gidan ubana ne." Ta shafa katakon, ta kurma ihu. Ga ƙusar nan, ta yi baƙi ƙirin.

Sai dai a zaune, ƙusar tana saman kanta. Gabana ya faɗi, wallahi.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji ta.

Ta kama katakon da hannu biyu, tana nishi, hula ta faɗi. Ta miƙe. Ƙusar ta tsaya mata a haɓa. Baƙi suka ɓarke da tafi, ni kuwa kuka nake yi ba kunya.

Ƙirjinta yana nan yana kukansa. Ta leƙa cikin ɗakin da babu kowa, tana haki tana dariya.

"Mama! Fito ki gani, na wuce ta!"