Rumfar Kwanon da Ta Ci Haƙorin 'Yata

Ko zan manta komai na rayuwata, ba zan manta shekarar da na sa aka ɗaura wa 'yata waya a haƙori ba.

Zamanin kuɗin man fetur ne, lokacin da duk mai tsohuwar tifa ya zama ɗan kwangila. Ni ma na samu aikin kwalbati a hanyar Kazaure zuwa Roni, sai kaina ya kumbura. Hikimar farko da arziki ya ba ni ita ce in rufe tsakar gidana gaba ɗaya da kwano. Na sare darbejiya, na shafe ƙasa da siminti. Ai rana ta talaka ce. 'Yata ta fari, wadda ta kusa gama firamare, na hana ta dandali, na hana ta aike, makaranta ma a mota ake kai ta a ɗauko ta. Fura da nono na ce abincin ƙauye ne, kifin dam ɗinmu na ce ƙarni gare shi. Sai biskit da lemon kwalba. Yarinya ta yi fari fat, ina ta alfahari kamar ni na ƙera ta.

Haƙoranta na gaba sun ɗan turo waje, ɗaya ya hau ɗaya. Ban taɓa damuwa ba, sai ranar da na ga 'yar wani abokin kwangilata a Kano da waya tana ƙyalli a baki, wai gyaran haƙori. Ina zan yarda a riga ni?

Likitan haƙorin da muka je wurinsa ya duba bakinta, ya dubi ƙafafunta, ya tambaye ta ko tana jin ciwon ƙashi. Ta ce tana ji. Ni ubanta ranar na fara sani. Ya sa aka yi mata hoton ƙashi, sannan ya ce, "Alhaji, yarinyar nan tana shan rana kuwa?"

Na gyara zaman babbar riga na ce, "Allah ya kiyaye. Ai 'yata ce."

"To ita ce matsalar. Bitamin D ya yi mata ƙaranci, kuma jiki da hasken rana yake yin sa. Ƙashin da ke riƙe haƙoranta ya yi laushi. Waya jan haƙori take yi a hankali, ƙashi yana cike gurbin. In babu ƙarfi, shuka za a dasa a ramin da ba ƙasa. Ta sha man kifi, ta ci kifi da ƙwai da nono, ta riƙa fita hantsi. Bayan damina ku dawo."

A mota na yi ta tsaki. Na zo sayen waya an haɗa ni da rana, abin da ko jakin garin Gwiwa yake samu kyauta! Man kifin ta sha sau ɗaya ta yi amai, na ce a zubar. Uwarta ta ce, "Alhaji, ko kwano biyu a ɗaga mana, haske ya shigo. Wanki ma ba ya bushewa."

Na ce, "Ke da likitan ku haɗu ku buɗe asibiti mana."

Bayan damina muka koma. Likitan ya tambaye ni ko an yi abin da ya ce. Na dube shi ido cikin ido na ce har an wuce. Yarinyar ta sunkuyar da kai, don ba a ƙaryata uba. Ya gaskata dattijo mai carbi a hannu, ya ɗaura waya. Na bi gidajen dangi da ita, duk inda muka shiga sai in ce, "Yi musu murmushi."

Da babbar salla asirina ya tonu. Ta ciji soyayyen nama ta yi ƙara, muka ga jini a tafin hannunta. Haƙorin gaba yana lilo a jikin wayar. Ta ce, "Baba, tun watan jiya yake motsi, na ji tsoro kar ka yi faɗa."

Likitan bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya cire wayar, ya ce sauran za su tsira in an yi magani, wannan kam ya tafi. Sannan ya ce, "Alhaji, ni ka yi wa ƙarya, amma ƙashi ba ya jin Hausa."

Da kaina na hau tsani na ɓamɓare kwanon, maƙwabta suna yi mini sannu da aiki, wasu har da tambayar ko kwangilar ce ta karye. Ta sha man kifi, ta sha hantsi, jikinta ya yi ƙarfi. Haƙori dai bai dawo ba, na roba aka sa mata.

Yanzu tana da jikoki. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma har yau in abin dariya ya kama ta a gabana, hannunta ne yake riga dariyar zuwa baki. A nan na koyi cewa in uba ya yi ado da ɗansa don idon mutane, shi ake yi wa tafi, ɗan ne yake kwana da tabon.