Saƙon Ƙanena Ga Matarsa

Ina ɓarar masara a tsakar gida maƙwabcinmu ya yi sallama, ya tsaya a zaure bai shigo ba. Daga can ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Ƙanenki ya cika a asibiti a Funtua." Sai da na ƙarasa ɓarar wadda ke hannuna sannan salati ya zo bakina.

Sida ce, wato ƙanjamau, ta kashe shi. Ni kaɗai na sani a gidanmu. Sauran an ce musu taifot ce ta ƙi jin magani. Ya daɗe yana shan ƙwayoyinsa a ɓoye, a ɗakina yake ajiye su, har suka zo suka daina yi masa aiki.

Da daminar da ta wuce ya ɗauke ni a babur muka je wurin abokinsa mai kemis, Ibo ne haifaffen Malumfashi. Shi ya karanta mana a waya cewa masu bincike suna haɗa wani ɗan guntun sinadari mai kama da wani sashe na jikin ƙwayar cutar. Ba ya kashe ta. Manne mata yake yi a daidai inda take kama ƙwayar jinin mutum, sai ta kasa shiga.

Ƙanena ya yi dariya. "Ashe maigadi ne! Nawa yake karɓa a wata?"

"Kai dai sha naka, Malam," in ji mai kemis. "Wannan ko a Kano ban ji mai shi ba."

A hanyar dawowa ya tsayar da babur a gefen wata gonar auduga, bai juyo ba. "Yaya, ni ta riga ta shige ni. Uwar yarana ce ban sani ba, kuma bakina ya kasa. Ke mace ce. Ki gaya mata ta je a gwada ta."

Na ce to. Kafin in samo kalmomin ya kwanta ciwo.

Yanzu matarsa tana takaba. A wurinmu ba a kai wa mai takaba magana mai nauyi, ba a kuma barinta ita kaɗai. Kullum na je akwai gwaggo ko inna a kan tabarma. Ina zama in yi ta kallon wuyanta, ina auna ko rama ce ta baƙin ciki. Idan ta yi tari sai in ji muryarsa a bayana yana cewa Yaya.

Ranar Juma'a ta rako ni har zaure, mu biyu kawai. Na ce mata ta riƙa cin abinci. Har yau ban isar da saƙon ba.