Kabarin da ke cikin teku

Cikin shekarun da na yi ina rakiyar baƙi a gidan Alhaji Mamman, mai masauki a Zongon Kwatano, rana ɗaya ce ta ƙi fita daga raina. Aikin ɗan rakiya shi ne ya kai baƙo kasuwa ko ofishin duwan, wato kwastan, ya yi masa tafinta, ya dawo da shi lafiya. Muna da wata mummunar ɗabi'a kuwa: ba ma taɓa cewa ba mu sani ba.

Wata Alhamis da damina wani dattijo, Malam Isa, ya sauka daga Sakkwato. Ba fatauci ya kawo shi ba. Mahaifinsa ya yi dako a tsohon waf, gadar ƙarfen da ake sauke kayan jiragen ruwa kafin a gina tashar yanzu. Nan ya rasu Malam Isa yana cikin mahaifiyarsa, aka binne shi bayan wani ɗan masallaci na 'yan dako. So yake ya tsaya a kan kabarin sau ɗaya kafin ya mutu.

Alhaji ya ja ni gefe. "Sabi'u, wa ya san wannan wuri yanzu? Nemo masa wani tsohon bango ya yi addu'a, ya koma gida da farin ciki."

Muka hau zemi, babur ɗin haya, zuwa bakin teku. Na zaga da Malam Isa cikin tsofaffin gidajen ajiya da gishiri ya cinye, na tsaya a wani kango na ce, "Baba, nan ne." Ko idona bai ƙifta ba.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi sallama. Sai na ji yana cewa, "Baba, ni ne Isa. Inna ta ce in gaya maka ta riƙe amana har ta rasu." Dattijo mai furfura yana isar da saƙon mamaciya ga bangon ɗakin ajiyar manja, ni ne kuma na kai shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Baba, ka yafe mini. Ƙarya na yi maka. Ban san wurin ba."

Ya miƙe ya ce, "To ɗana, mu tambaya mana."

Muka shiga unguwar masunta. Wata tsohuwa mai ƙyafe kifi ta ce ta tuna masallacin Hausawa tun tana yarinya. Ta kai mu gaɓa, ta miƙa hannu can inda igiyar ruwa ke fashewa. Teku ya daɗe da cinye wurin, da masallacin da kaburburan.

Na zaci Malam Isa zai faɗi ƙasa. Sai ya naɗe wando, ya shiga ruwa har gwiwa, ya sake faɗin saƙon tun daga farko, wannan karon da ƙarfi saboda rugugin ruwa. Ni ina riƙe da gefen rigarsa ina kuka.

Ku yaran da kuka shigo aikin nan, baƙo ba shi da ido a garin nan sai naku. In kun san wuri ku kai shi. In ba ku sani ba, ku buɗe baki ku faɗa, ko da gaskiyar ruwa ce kawai za ku nuna masa.